RA'AYINMU: Ranar da Za a Ce Mana Mu Ja Baƙi

Ga shi dai shekarar karatu ta sake karkata, 'yan ajin ƙarshe sun fara ƙirga kwanaki, kuma duk inda mutum ya bi, ko a ɗakunan kwana ko a gindin itatuwan da ake jiran mota, zance ɗaya ne: bayan bautar ƙasa sai ina? 'Yan'uwanmu masu karatun kwamfuta su suka fi kowa sakin fuska in an zo wannan magana, domin sun ji labarin samarin da ke zaune a gidan iyayensu suna rubuta wa kamfanonin ƙetare manhaja, ana biyansu da dala, ta Amurka ba ta Kano ba. Labarin kuwa ba ƙarya ba ne. Abin da ya dame mu shi ne, cikin masu wannan buri kaɗan ne ƙwarai suka taɓa tambayar yadda ƙofar shiga take, watau ganawar nan da ake yi da mai neman aiki, wadda kowa ya sani da suna intabiyu.

Abin da ya ja mu ga wannan batu wani al'amari ne da ya faru ga wani ɗan'uwanmu, wanda ya gama a bara da sakamako mai kyau, maƙwabcin ɗaya daga cikinmu a Madabo. Wani kamfani na Ikko ya kira shi ganawa ta hoton bidiyo. Ya share zaure, ya sa babbar riga, ya jera takardunsa na shaida a gefe, tun daga ta firamare har ta digiri. Ba wanda ya nemi ganin ko ɗaya. Bayan gaisuwar da ba ta kai minti biyu ba, sai aka buɗe masa wani shafi fari fat, aka ce ga jerin lambobi, ya rubuta umarnin da zai gano ko akwai lambar da ta zo sau biyu, kuma ya riƙa faɗin abin da yake tunani yayin da yake rubutawa. Ya san amsar a takarda, har ya taɓa cin maki a kanta a aji biyu. Amma bai taɓa rubuta ta wani yana kallonsa ba. Ya yi shiru na tsawon lokaci, gumi ya karyo masa, kafin ya dawo hayyacinsa batirin kwamfutarsa ya mutu, don tun safe babu wuta a unguwar. Kwana uku bayan haka aka aiko masa da wasiƙar ban haƙuri.

Mu dai abin ya ba mu tausayi, ya kuma ba mu mamaki, domin in akwai unguwar da bai kamata irin wannan jarrabawa ta zama baƙuwa a cikinta ba, to Madabo ce. Nan Wangarawa suka sauka da suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) in aka bi Tarihin Kano, ko a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) in aka bi littafin asalin Wangarawan. Nan aka yi suna wajen karantar da Muhtasar na Halil, har ake kiran shugaban makarantar Babban Malami. A zaurukan ilimi irin waɗannan ba a taɓa sanin mutum da takarda ba. Almajiri ya durƙusa gaban malam, ya buɗe littafi ya ja baƙi da bakinsa, sauran ɗalibai na ji. In ya karya wasali a gyara masa nan take, in an jefo mas'ala ya warware ta a gaban jama'a, ya faɗi inda ya samo. Wanda ya ce ya sauke littafi, ba a cewa ya kawo shaida, sai a ce bismilla, karanta mu ji. Kamfanonin manhaja na Amurka ba su san da Madabo ba, amma inda suka tsaya ke nan. Mu ne 'yan boko muka baro wannan hanya, muka koma ga haddar takardun da malami ya raba, a zuba su ranar jarrabawa, a manta da su kafin a kai bakin ƙofa.

To, bari mu faɗi yadda abin yake, don na baya su shirya. A manyan kamfanoni ganawar ba zama ɗaya ba ce, hawa-hawa ce, kuma takan ɗauki makonni. Da fari mutum ya aika da takardar tarihin karatunsa da aikinsa, wadda ake kira sibi. A wurare da yawa wata manhaja ce ke fara tace takardun kafin idon ɗan Adam ya gan su, saboda haka wanda ya cika tasa da kirari, bai ambaci harsunan kwamfutar da ya iya da abin da ya gina da su ba, ya faɗi tun ba a fara ba. Wanda ya tsallake, sai jami'in ɗaukar ma'aikata ya kira shi na kamar rabin sa'a, ya ji ko wane ne shi, da yadda Turancinsa yake, da abin da yake sa rai a biya shi. Daga nan a aiko masa da gwaji ta intanet, sau da yawa a dandalin HackerRank ko Codility: tambaya biyu ko uku, agogo na tafiya, na'ura ce kuma ke duba amsa, ita kuwa ba ta san rabin maki don ƙoƙari ba sai gwargwadon abin da ya yi aiki. Wasu kamfanonin a maimakon haka sukan ba da ɗan aiki a je gida a yi cikin 'yan kwanaki, sa'an nan a zo a kare shi.

Hawa na gaba shi ne wanda ya ka da ɗan'uwanmu, kuma a nan muke so mu daɗe. Za a haɗa ka da injiniya ɗaya ko biyu na kamar minti 45 zuwa sa'a guda, a ba ka matsala ka warware suna kallo, a farin allo ko a shafin da ku duka kuke gani. Tambayoyin galibi kan tsara bayanai ne da dabarun lissafi da ake kira algoridim. Kalmar ma daga sunan Alhawarizmi ta fito, masanin lissafin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma kada wani ya ɗauka fannin baƙo ne a ƙasar Hausa: Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta ƙa'idojin jera lambobi cikin hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, mataki bayan mataki. Wannan shi ne algoridim, ko da ba a kira shi haka ba.

Ga misali. A ce an ba ka sunaye miliyan ɗaya da aka jera bisa abjadi, a ce ka nemo guda. Mai gaggawa zai ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma amsarsa ba kuskure ba ce, sai dai tana iya cin mataki miliyan. Wanda ya taɓa neman kalma a ƙamus na Bargery ya san ba haka ake yi ba: a buɗe tsakiya, a ga ko kalmar tana gaba ko baya, a watsar da rabin da ba ta ciki, a sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Da wannan hanya mataki 20 ya isa ga sunaye miliyan. Mai tambaya yana so ya ga ka fara da hanya mai sauƙi, ka gane da kanka cewa tana da nauyi, ka nemo wadda ta fi ta, ka kuma iya faɗin yadda aikin zai ƙaru in sunayen suka ninka. Haka tambayar da aka yi wa ɗan'uwanmu take. Ana iya gwada kowace lamba da kowace, ana kuma iya bin jerin sau ɗaya tak, ana ajiye duk wadda aka gani a wata ma'ajiya mai saurin dubawa, da an ci karo da wadda ke ciki an gama. Ta biyun ta fi sauri, amma tana cin wuri, kuma faɗin wannan ciniki da bakinka shi ne rabin makin.

Saboda haka shiru shi ne babban abokin gaba. Mun taso an koya mana cewa yaro ba ya yawan magana gaban manya, ba ya haɗa ido da su, ba ya kuma tambayar mai tambayarsa. Tarbiyya ce mai kyau, ba ma neman a bar ta. Amma a wannan zama, wanda bai tambaya ba ko jerin na iya zuwa babu komai a ciki, ko lambobin na iya zama ƙasa da sifiri, za a ɗauka bai yi tunanin haka ba ne. Wanda ya ce bai san abu ba, amma ga yadda zai bi ya gano, ya fi wanda ya yi ta kame-kame daraja nesa ba kusa ba. In an nuna maka kuskure, ka karɓa ka gyara, domin ana duban yadda za a zauna da kai ne shekara da shekaru.

Ga waɗanda suka daɗe a aiki akwai wani zama na tsara babban gini, inda za a ce, misali, zana mana yadda za ka shirya manhajar aika kuɗi da mutum miliyan za su yi amfani da ita: ina rumbun bayanai zai zauna, me zai faru in layi ya yanke bayan an cire kuɗi kafin su isa. Sabon ɗalibi ba safai ake matsa masa a nan ba. Amma zaman ƙarshe, na hali, kowa sai ya yi shi. Za a ce ka ba da labarin ranar da kuka saɓa da abokin aiki, ko ranar da ka yi kuskure ya ɓata aiki. Labari na gaskiya ake so, mai farko da ƙarshe: ga halin da aka shiga, ga abin da kai ka yi, ga yadda ta kaya. Mu kuwa kunya takan sa mu ce "mun yi" a inda ya kamata mutum ya ce "na yi", sai mai sauraro ya kasa gane rabonka a aikin.

Kada a ɗauka muna cewa wannan tsari adali ne ko mara aibi. Su kansu masu shi suna sukarsa. A 2013 shugaban sashen ma'aikata na Google, Laszlo Bock, ya yarda cewa tambayoyin kacici-kacici da suka daɗe suna yi wa mutane ɓata lokaci ne, ba sa nuna wanda zai iya aiki. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiri manhajar Homebrew da injiniyoyi da yawa ke amfani da ita, ya bayyana cewa Google ta ƙi ɗaukarsa bayan ya kasa wata tambaya a allo. A 2020 kuma masu bincike na Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa tare da Microsoft suka gwada ɗalibai 48, wasu suka warware matsala ana kallonsu, wasu su kaɗai a ɗaki. Ƙwazon waɗanda ake kallo ya faɗi da fiye da rabi. Har wa yau, duk matan da aka gwada ana kallonsu sun faɗi, duk waɗanda aka bari su kaɗai sun ci. Yawansu kaɗan ne, amma 'yan'uwanmu mata su lura: faɗuwa a irin wannan zama sau da yawa tsoro ne, ba rashin sani ba, shi kuwa tsoro maimaici ke rage shi. Wannan shi ne hukuncinmu a kan tsarin: yana auna natsuwa fiye da yadda masu shi ke zato. Amma ƙofar ke nan, kuma ba da mu aka yi shawarar gina ta ba.

Ƙofar ma ta ƙara ƙunci. Andela, wadda aka kafa a Ikko a 2014 don horar da sababbin hannu, ta sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a 2019, ta ce masu ba ta aiki ƙwararru suke nema. A Nuwamba 2022 Meta ta sallami mutum 11,000, a Janairu 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft 10,000. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 kuma, ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga na'ura na iya yin da yawa daga cikinsu. Wasu masu neman aiki suka ga banza ta faɗi, suna ɓoye ta a gefe tana raɗa musu amsa, har ta kai a 2025 shugaban Google ya ce za su dawo da zama ido da ido aƙalla sau ɗaya. Duk wanda ke shirin wannan dabara ya sani tambaya ɗaya ce ke tona shi: me ya sa ka rubuta wannan layi haka? Ba muna faɗin wannan don a karaya ba. A ƙasar nan aka gina Interswitch da Flutterwave, nan Shola Akinlade da Ezra Olubi suka gina Paystack da Stripe ta saya a 2020 kan fiye da dala miliyan 200, a Kano kuma akwai irin su eHealth Africa masu aikin bayanan kiwon lafiya. Aiki yana nan, sai dai ba ya zuwa don an ga digiri.

Akwai kuma abubuwan da ɗan Landan ba ya tunaninsu amma ɗan cikin birni dole ya yi. Ranar ganawa a cika batir tun dare, a tanadi layin waya biyu na kamfani daban-daban, a nemi ɗakin da ba a jin injin markaɗe ko yaran makarantar allo, in babu a roƙi wani ofis ko ɗaya daga cikin cibiyoyin fasaha na gari. A duba bambancin agogo da lokacin salla tun ranar da ake sa lokaci. Neman a matsa da rabin sa'a ba laifi ba ne, kuma ba ya zubar da kowa. In an kai ga maganar albashi, a tambaya da wane kuɗi za a biya, kuma ma'aikaci ne kai ko ɗan kwangila, wa ke biyan haraji da fansho. Wanda ya ga yadda naira ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ba zai ɗauki wannan tambaya rashin kunya ba. Sa'an nan a yi hattara da 'yan damfara. Kamfanin kirki ba ya karɓar kuɗin fom ko na horo. A 2023 masu binciken tsaron kwamfuta suka fallasa wasu da ke shigar burtu a matsayin masu ɗaukar ma'aikata, su aiko wa mutum da aikin gwaji ya sauke, alhali a ciki an dasa abin satar bayanansa da kuɗinsa.

Ga masu karatunmu da ke aikin gwamnati, ko masu niyyar shiga, mun san lamarin can daban ne. Can takarda ce gaba: ta haihuwa, ta asalin ƙaramar hukuma, ta bautar ƙasa, sa'an nan jarrabawa, sa'an nan kwamitin manya da zai yiwu babu mai rubuta manhaja ko ɗaya a cikinsu. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris 2014 ba, da matasa fiye da 15 suka mutu a turmutsitsin neman aikin shige da fice, ko binciken da Majalisar Wakilai ta yi a 2023 kan sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya. Gwamnatin da ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan uku, ya kamata ita ma in za ta ɗauki injiniyan manhaja ta zaunar da shi ya rubuta a gani. In ba haka ba, mai uwa a gindin murhu zai ci gaba da samun kujera, a kuma ci gaba da ba 'yan kwangila aikin da aka ɗauke shi ya yi. Ku da ke ciki, in an sa ku a kwamiti wata rana, ku nemi a kawo kwamfuta ɗakin.

Amma kafin mu nuna kowa da yatsa, mu dubi kanmu. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu sayen aikin kammala karatu, a canza suna da shafin godiya, a ɗaure da bango mai kyau a miƙa. Akwai wanda zai kai aji huɗu bai taɓa rubuta layi ɗari da hannunsa ya ga sun yi aiki ba. Wannan aikin kuwa shi ne abu na farko da mai ganawa zai kama, ya ce me ya fi ba ka wuya a ciki, me za ka canza in za ka sake. Wanda ya saya ya cuci kansa sau biyu. Ɗan ƙaramin abin da ka gina da kanka, ko da na lissafin bashin shagon kawunka a Kurmi ne, ka ajiye shi a GitHub inda za a gani, ya fi kundin aro mai shafi ɗari amfani a ranar.

Don haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta nemi ɗaki guda mai allo da wuta, kowace Asabar, inda 'yan aji uku da huɗu za su riƙa yi wa juna ganawar gwaji: mutum biyu, tambaya ɗaya daga irin na LeetCode ko littafin Cracking the Coding Interview, minti 45, da Turanci, da babbar murya, sauran na sauraro, in an gama a faɗa wa mutum gaskiya. A ware wa 'yan'uwanmu mata lokacinsu in sun fi son haka. A rubuta wa tsofaffin ɗalibai da ke aiki a Ikko da Abuja da ƙetare su riƙa shigowa ta bidiyo ko sau ɗaya a wata. Muna kuma roƙon malamanmu na tsangayar kwamfuta, cikin ladabi, da su mayar da wani kaso na maki ga gwajin da ɗalibi zai zauna gaban na'ura ya rubuta, ya kuma yi bayani da baki, musamman ranar kare aikin kammala karatu. Ɗan'uwanmu na Madabo, wanda yanzu yake shirin ganawarsa ta uku, ya ce in an samu ɗakin shi zai fara zama a kujerar mai tambaya.